Awakin Norway da Asirin Alhaji Sha'aibu

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu taya a Gusau ya san Alhaji Sha'aibu. Ko ba ka san fuskarsa ba ka san muryarsa, don tun daga bakin titi za ka jiyo ta. Mutumin kirki ne, wallahi, ba ya rowa, ba ya faɗa da kowa. Ciwonsa ɗaya ne, baki. In ya ɗauko labarin kakansa Ɗan-Barmo, mafaraucin Kwatarkwashi, to ka gyara zama, ka aika gida a rufe maka abincinka.

A faɗarsa, kakan nan fito ɗaya yake yi, namun dawa su gangaro daga dutse su yi sahu a gabansa. Kura ta zo ta kwanta, ya ɗora mata ƙafa yana ɓara goro. Kuma duk cikin jikoki ba wanda ya gaji asirin sai shi Sha'aibu.

"A jinina yake," in ji shi, yana bugun ƙirji. "Ni dabba ba ta ganina ta wuce."

Kai jama'a! Mutumin da ko kyanwar gidansa ba ta amsa kiransa. Mutumin da ragon layya ya taɓa zagaya tsakar gida da shi har ya faɗa banɗaki ya danna sakata.

To amma akwai abin da ke cin Alhaji a rai, kuma wannan ba abin dariya ba ne. 'Ya'yansa duk mata ne. An haifa masa jikoki maza, amma ko ɗaya ba a yi masa takwara ba, duk dangin uba suka kwashe sunayen. Saura autarsa Rahanatu, wadda ke aikin jinya a Ingila. Tana da ciki, hoton asibiti kuma ya nuna namiji ne. Mijinta Zayyanu ya ce sunan kaka za a sa, sai dai bai ce wane kakan ba. Ɗaya kakan kuwa, mahaifin Zayyanu, shi ne Malam Hashimu, tsohon ma'aikacin gidan ruwa, siriri, mai ɗan gemu, wanda sai ya wuni bai yi magana goma ba. Duk abin da ka gaya masa, ko ka ce ka ga kifi yana tuƙa keke, zai dube ka ya ce, "Ikon Allah."

Ana haka sai Zayyanu ya gayyato iyaye Ingila, ya kuma yankar musu tikitin jirgin ruwan yawon shaƙatawa zuwa ƙasar Norway. Mahaifiyarsa ta ce ita ruwa a kofi kawai ta san shi, ba inda za ta. Aka tafi su biyar: Alhaji da matarsa Hajiya Kuluwa, Malam Hashimu, sai ma'auratan. Alhaji ya ƙudura a ransa cewa kafin jirgin nan ya dawo sai Zayyanu ya san jinin da ya auro.

Jirgi kuwa gari ne guda. Hawa kan hawa, ga shaguna, ga gidajen abinci, har da wurin iyo a sama. Kowa ya buɗe baki yana kallo ban da Alhaji.

"Wannan?" in ji shi. "Ai a Jidda na ga uwarsa."

"Ikon Allah," in ji Malam Hashimu.

Ranar da abin zai faru, gari ya waye jirgi ya shiga wani dogon mashigin teku da ya ratsa tsakanin duwatsu. Dutse ta dama, dutse ta hagu, tsaye ƙiƙam, sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshensu. Ruwan ƙasa kore shar, shiru kamar an shimfiɗa shi. Daga can sama fararen ruwaye na zubowa yuuu, ga ƙanƙara a ƙololuwa alhali ana cikin bazararsu. Hajiya Kuluwa ta yi ta tasbihi. Alhaji ya taɓe baki.

"Famfo ne aka manta a buɗe. Ku ba ku hau Kwatarkwashi ba ne."

Sai Zayyanu ya fassara musu sanarwar da ake yi a lasifika. Za a tsaya a wani ɗan ƙauye. Mai son hawan dutse zai bi ja-gora, a je a ga inda ruwa ke zubowa. A kan hanya akwai makiyayar awaki, suna yawonsu a sake, amma ba sa yarda da baƙo. Jirgi kuma zai tashi da la'asar, ba ya jiran kowa.

Alhaji bai ji zancen la'asar ba. Awaki ya ji. Nan take wata dabara ta faɗo masa, har sai da ya yi murmushi shi kaɗai.

Kun san Hajiya Kuluwa da ƙwannafi. Abincin jirgin nan, daga cuku sai kifin da ba a dafa ba, ya tayar mata da shi. Allah ya taimake ta ta taho da jar kanwarta, ƙulle a tsumman atamfa, tana ɗan lasa bayan cin abinci. Kowane Bahaushe kuwa ya san yadda dabba take da kanwa, a kanta sai ta manta uwarta. Hajiya na shiga wanka, Alhaji ya zura hannu a jakarta, wuf, ƙulli ya koma aljihunsa.

Ta fito ta zazzage jaka. Ta ɗaga filo. Ta leƙa ƙarƙashin gado.

"Alhaji, ba ka ga kanwata ba?"

"Kanwa? Ni ina ruwana da kanwa, Kuluwa? Akuya ne ni?"

"Wallahi nan na ajiye ta. Ƙirjina kamar an hura gawayi."

"Masu gyaran ɗaki ne. Turawan nan ba su san darajar abu ba, sun zubar."

Baiwar Allah ta haƙura tana dafe da ƙirji.

Da aka zo sauka, kowa ya sa rigar ruwa da takalmin hawan dutse. Malam Hashimu ya saka wata katuwar rigar sanyi, ya koma kamar buhun gawayi mai ƙafa. Shi kuwa Alhaji sai ga shi cikin babbar riga ta shadda, ta sha sitaci tana ƙarau-ƙarau, ga hula zanna, ga takalmi sau-ciki mai ƙyalli.

Zayyanu ya sunkuyar da kai. "Baba, da an ɗora ko rigar ruwa ce. Sun ce yanayin nan ba shi da tabbas."

"Yaro, kakana da warki ya hau dutse."

A bakin tashar jirgin akwai shagon tsaraba, a ƙofarsa an kafa wani ƙaton gunkin katako, dodon tatsuniyarsu, mai hanci kamar taɓarya. Turawa sai rungumarsa suke ana ɗaukarsu hoto. Alhaji ya kau da kai ya ce, "A'uzubillahi! Mutum da hankalinsa ya rungumi gunki." Hajiya da Rahanatu suka zauna a wani benci kusa da shagon, su ba za su hau ba. Maza uku suka bi ayari.

Ja-gorar wata Baturiya ce doguwa sambal. Sunanta ya gagari harshen Alhaji, sai ya raɗa mata Falwaya. Ita kuwa tafiya take kamar ana binta.

Ba a yi nisa ba Alhaji ya fara jin jiki. Hanya ta miƙe tsaye, duwatsu na santsi, takalmi sau-ciki na neman kai shi inda bai nufa ba. Numfashi ya koma fuu-fuu kamar zugazugin maƙeri. Wasu tsofaffin Turawa mata, waɗanda a haife sun haife shi, suka zo da 'yan sandunansu, tak-tak-tak, suka wuce shi suna murmushi. Ya tsaya ya dafa dutse.

"Baba, ko mu huta?" in ji Zayyanu.

"Hutu? Sauraron dawa nake yi. Akwai abin da take gaya mini."

"Ikon Allah," in ji Malam Hashimu, ya wuce shi shi ma.

Da ƙyar da jiɓin goshi aka iso wata 'yar ƙofar katako a jikin shinge. Falwaya ta tsaya ta yi jawabi, Zayyanu ya fassara: daga nan makiyaya ce, duk wanda ya shige ya rufe ƙofa, kuma kada kowa ya ba awaki komai. Can gefen dutse kuwa ga su nan, farare tas, manya-manya, da ƙararrawa a wuya. Wani Bature ya matsa zai ɗauki hoto, suka watse fiu.

Alhaji ya ce zai kama ruwa. Ya zagaya bayan wani dutse, ya kwance ƙulli, ya ɓantari kanwa ya dandaƙa, ya zuba ruwan gora ya dama. Ya shafa a tafin hannu. Ya shafa a hannun riga. Ya ga kamar bai isa ba, ya bi gefen babbar riga duk ya shafe, har da ƙafar wando. Sauran ya mayar cikin tsumma ya soke a ƙugu, daidai ƙullin mazagi, yadda ba mai gani.

Ya fito yana gyara hula.

"Zayyanu, gaya wa mutanen nan su ja baya. Malam, yau za ka ga abin da nake faɗa."

Ya hau wani ɗan tudu ta inda iska ke kaɗawa wajen awaki. Ya rufe ido, ya motsa leɓe, ya ɗaga hannu sama, ya yi fito. Fiiit!

Shiru.

Sai wata akuya ta ɗaga kai. Ta shinshina iska. Ta tako a hankali, ƙilin, ƙilin, ta zo ta sa baki a tafin Alhaji. Ta biyu ta biyo. Ta uku. Kafin ka ce me, sun kewaye shi, wannan na lasar hannu, waccan na goga kai a riga.

Wuri ya ɗauki sowa. Turawa suka zaro wayoyi. Falwaya ta riƙe baki, ta ce tunda take bin hanyar nan ba ta taɓa ganin haka ba. Zayyanu ya tsaya sororo. Shi kansa Malam Hashimu sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar, sannan ya ce, "Ikon Allah," kuma wannan karon da gaske ya faɗe ta.

Alhaji kuwa kansa ya kai girman jirgin. Ya yafito surukinsa, ya rage murya.

"Ka gani ko? Jini ne. Irin wannan gado ba a barinsa ya ɓata a rasa mai ɗaukar suna. Ban ce komai ba fa. Tunani kawai nake ba ka."

"Haka ne, Baba," in ji Zayyanu.

Da a nan abin ya tsaya, da yau wani labarin ake yi a Gusau. To amma Alhaji ya tanadi kiran awaki, bai tanadi sallamarsu ba.

Ya tafa hannu. "To, madalla. Ku tafi, na sallame ku."

Ba wadda ta motsa. Sai ma ƙara matsowa.

"Na ce ku tafi. Kas! Kas!"

Ina! Awakin Norway ba su jin kas. Ana cikin haka sai ga yayyafi, siriri mai sanyi. Shadda ta jiƙe, sitaci ya saki, kanwa ta narke ta bi riga tun daga wuya har ƙasa. Alhaji ya zama dutsen lasa mai tafiya da ƙafa biyu. Iska ta kai labari bayan dutse, sai ƙararrawa kake ji ta ko'ina, ƙilin-ƙilin-ƙilin, garke guda na gangarowa. A gabansu wani bunsuru ne, ƙato kamar maraƙi, gemunsa ya ninka na Malam Hashimu.

Lasa ta koma tauna. Wata ta kama hannun riga, kyaaat! Wata ta ja aljihu. Bunsuru ya zo ya tsaya, ya dubi Alhaji ido cikin ido, ya sa hanci daidai ƙugunsa.

"Baba, lafiya dai?" in ji Zayyanu.

"Lafiya lau. Gaisuwa ce. Haka suke wa kakana."

Ya fara ja da baya cikin natsuwa, irin tafiyar manya. Suka bi shi. Ya ɗan ɗaga ƙafa. Suka ɗaga. Bunsuru ya ɗan zungure shi ta baya, dum. Ai sai Alhaji ya tattare abin da ya saura na babbar riga, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Mutumin da ya hau dutsen nan yana sauraron dawa, wallahi da ya tashi sauka ko barewa albarka. Ya bangaje ƙofar shinge, wa ke ta rufewa! Takalmi ɗaya ya yi gabas. Hula ta yi yamma, wata akuya ta cafe ta a sama. Falwaya na baya tana ihu da yarensu, Zayyanu na kiran "Baba! Baba!", tsofaffin nan masu sanduna suka manne a jikin dutse, Alhaji ya wuce su fuuu, garke na take masa baya.

"Wayyo Allah! Jama'a a tare! A tare su!"

A ƙasa kuwa lokacin komawa ya gabato, fasinjoji sun yi dogon layi a bakin tasha. Wasu sun riga sun hau, sun jeru a barandar jirgi hawa-hawa suna kallon gari. Sai ga ƙura, wato ba ƙura ba, taɓo, ga ƙararrawa, ga wani mutum a gaba cikin tsummokara yana kururuwa da Hausa.

Hajiya Kuluwa ta miƙe daga benci. "Rahanatu, wancan mahaukacin ba muryar babanki gare shi ba?"

Alhaji ya duba dama, ruwa. Ya duba hagu, ruwa. Abu ɗaya ne mai tsawo a wurin, gunkin nan na ƙofar shago. Bai tsaya a'uziyya ba. Ya daka tsalle ya taka gwiwar dodo, ya kama hancin nan mai kamar taɓarya, ya rungume wuyansa ƙam da hannu biyu, kumatu a kan kumatu.

Awaki suka yi masa zobe. Bunsuru ya miƙe da ƙafar baya, ya dafa cikin gunki, ya sa haƙori daidai inda hancinsa ke nuna masa tun a kan dutse. Ya kama mazagi. Ya ja.

Mazagi ya kwance.

Wando ya sulale, suuu, ya taru a idon sawu. Allah ya so 'yar ciki ta kai gwiwa. Daidai nan jirgi ya busa ƙahonsa, ɓuuuu, kamar an ce duk wanda bai kallo ba ya kallo. Ga Zayyanu ya iso yana haki, ya ga surukinsa a haka, ya juya ya ƙura wa teku ido kamar an aike shi ƙirga kifi. Rahanatu ta rufe fuska da mayafi. Malam Hashimu ya iso daga baya, ya zaro wayarsa ya fara ɗauka, ko "Ikon Allah" ɗin ta ƙi fita.

Wani abu ya faɗo daga ƙugun wandon, ya gangara, ya tsaya a gaban Hajiya Kuluwa. Ƙulli ne a tsumman atamfa. Ta sunkuya ta ɗauka. Ta juya shi. Ta kwance. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗaga kai ta dubi mijinta a wuyan dodo.

"Alhaji, ba kai ka ce mini kai ba akuya ba ne?"

"Kuluwa, ki rufa mini asiri."

"Tun safe ƙirjina ke ci da wuta, kana kallona!"

Kafin ta rufe baki, awaki sun juyo. Ɗaya bayan ɗaya suka saki Alhaji, suka taho suka yi sahu a gabanta, har da bunsuru, yana kaɗa gemu cikin ladabi. Ta taka, suka taka. Ta tsaya, suka tsaya. Ta dubi Malam Hashimu.

"Malam, ka shaida. Ashe duk shekarun nan ni ce jikar Ɗan-Barmo, ban sani ba."

Ta miƙa wa Falwaya ƙullin, ta nuna mata hanyar dutse. Falwaya ta ɗaga shi sama ta yi gaba, garke ya bi ta ƙilin-ƙilin, ko waiwayen Alhaji ba su yi ba.

Malam Hashimu ne ya tuɓe rigar sanyinsa ya ɗaura wa Alhaji a ƙugu, ya riƙo hannunsa ya sauko da shi. Su ne na ƙarshen shiga jirgi, Alhaji da takalmi ɗaya, fasinjoji na tafi tun daga hawan ƙasa har na sama. Sauran kwanakin tafiyar a ɗaki ya yi su, ya ce mura ce. Ya riga ya sallama takwara, har ya yi ƙwalla a ɓoye, don abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Bayan 'yan watanni Rahanatu ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna aka taru a gidan Malam Hashimu, 'yan layin taya duk sun zo, masu jego na kallo ta waya daga Ingila. Alhaji ya zauna can gefe kamar baƙo. Sai liman ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Sha'aibu.

Alhaji ya zabura. Ashe Malam Hashimu ne da kansa ya ce a ba shi, wai mutumin da ya sha wannan wuya saboda suna ai ya cancanta. Alhaji ya rungume shi yana hawaye. Nan da nan murya ta dawo, ƙirji ya buɗe, ya fara waige-waige yana neman wanda zai ba labarin kakansa.

Sai Rahanatu ta yi magana ta cikin waya. Ita dai ba za ta iya kiran sunan mahaifinta gatsau ba, Zayyanu ma haka, Hajiya Kuluwa balle. Dole a nemo wa yaro sunan da za a riƙa kiransa da shi. Wani ya ce Abba. Wani ya ce Khalifa. Alhaji ya gyara murya ya ce shi a ganinsa Sarkin Dawa ya fi dacewa.

Malam Hashimu, mutumin da ba ya magana, ya ɗaga hannu. Kowa ya yi tsit.

"Ai yaro da sunansa ya zo," in ji shi. "Mai-Kanwa."

'Yan layin taya suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Malam, wace kanwa kuma?"

Malam Hashimu ya gyara zama, ya zaro wayarsa daga aljihu, ya ce, "Ku matso. Ikon Allah ne zan nuna muku."

Yau yaron har ya fara tafiya, kuma ko a makarantar renon Ingila Mai-Kanwa suke ce masa. In ka je Gusau kana neman shagon Alhaji Sha'aibu, sai a yi ta tambayarka wanne. Ka ce kakan Mai-Kanwa, yanzu a kai ka har ƙofa. Yana nan, yana sayar da tayarsa. Wani lokacin yakan manta, hira ta yi daɗi, ya gyara hula ya ce, "Ai kakana Ɗan-Barmo..."

Sai ka ji daga can ƙarshen layi wani ya ce, "Meee!"